Faifan Da Bai Ji Ba

"Kurma za ki kawo mini gida?"

Umma ta bugo ƙofar shagon da ƙarfi, har faya-fayai suka zubo daga kan kantar shagon.

"Umma, bai kurumce ba tukuna..."

"Tukuna! Kin ji bakinki kuwa?"

Durƙusawa na yi ina tsince su, hawaye na ɗiga a kan kwalayensu.

Shagon Abbana ne, na tsofaffin faifan garmaho, ni nake riƙe da shi tun rasuwarsa. A nan na haɗu da Injiniya, mai gyaran injin jirgin sama. Wata Asabar ya shigo, rigarsa na warin man inji, ya ce yana son kiɗan Turawa irin su bulus da rok da waƙoƙin jita na mutanen karkara.

Na jero masa waɗanda kowa ke saye.

"Duk na ji waɗannan," ya ce yana murmushi. "Waɗanda duniya ta manta da su nake nema."

Tun daga nan na zama 'yar bin gwanjo da gidajen da ake kwashe kaya. Na tono masa wata mata mai dusasshiyar murya da ta yi faifai ɗaya ta ɓace. Na samo masa wasu 'yan rok da suka watse tun kafin a san da su. Duk Asabar mu zauna bayan kanta mu saurara, shi kuma ya karkato kunnensa na hagu.

"Ƙara murya kaɗan, 'Yar Faifai."

"Kai dai sai ka fasa mini lasifika!"

Ranar bai yi dariya ba.

"Ƙarar inji ta cinye na dama," ya ce. "Likita ya ce na hagun ma tafiya yake yi. So nake in cika kaina da waƙoƙin nan tun ina ji..."

A ranar na san na kamu.

'Yar kawuna ce ta kai wa Umma labari, don ta daɗe tana yi wa yayanta kamun ƙafa a wurina. Ba ta tsaya nan ba. Ta tare Injiniya a bakin titi, ta ce da bakina na faɗa tausayinsa kawai nake ji.

Ya leƙo shagon, ko zama bai yi ba.

"Ba sadaka na zo nema ba."

"Masoyi, wallahi ƙarya..."

Ya riga ya juya baya. Ban sani ba ko ya ji ni.

Watanni suka shuɗe, ba waya, ba saƙo. Na rame har zobena ya daina zama. Sai wata rana na tsinci faifan wani tsoho mai kiɗan bulus a ƙasan akwati, ina ɗora shi na fashe da kuka. Na Injiniya ne wannan.

Umma ta ce in na taka gidansu kada in dawo mata.

Na taka.

Mahaifiyarsa ta buɗe mini, ta dube ni, ta dubi faifan, ta kau da kai. Injiniya yana zaune a falo kusa da garmahonsa. Na nuna masa kwalin, ya gyaɗa kai.

Na ɗora faifan, na ɗaga allurar. Ban kai ga sauke ta ba na ji muryarsa a bayana.

"Kai! Ji jitar nan... Kin iya zaɓe, 'Yar Faifai."

Na waiwaya. Idonsa a rufe, yana kaɗa ƙafa, yana murmushi.

Falon shiru.

Ya buɗe ido, ya ga allurar a tsakanin yatsuna. Ƙafar ta tsaya.

"Ban so ki sani ba," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Jin ya tafi duka."

Na durƙusa a gabansa, na ɗago fuskarsa yadda zai ga leɓena, na faɗa a hankali.

"Ina son ka."

Ya daɗe yana kallon bakina.

"Maimaita..." ya ce.