Zoben da Marigayiya ta Karɓe

"Na yi mafarki," in ji Gwaggo Fatahiyya, ta ajiye kofin shayinta a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Alheri! Allah ya sa alheri!" Usta Gabir da 'yarsa Tahani suka amsa tare, bakinsu cike da wake da gurasa.

A gidan Usta Gabir mai kifin gishiri, can ƙarshen layinmu a garin Rashid, ba a fara yini sai an ji abin da Gwaggo ta gano cikin barci. Yayarsa ce, ita ta riƙe gidan tun rasuwar matarsa Nabawiyya shekara tara da suka wuce. An ce ba ta taɓa kwanciya ta tashi hannu rabbana ba. Ta yi wa kanta mafarki, ta yi wa maƙwabta, in dare ya yi saura ta yi wa mutanen tsallaken kogi.

Wannan safiyar kuwa kwana ɗaya tal da karanta Fatihar baikon Tahani da Midhat, saurayin da ke sassaƙa jiragen kamun kifi a bakin ruwa. Zoben da ya sa mata ko ɗumin yatsa bai gama ɗauka ba.

"Nabawiyya na gani," in ji Gwaggo. "Ta shigo ta ƙofar nan da baƙin mayafinta. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalle ka ba. Ta kama hannun yarinyar nan, ta zare zoben, ta fita."

Gurasar hannun Usta Gabir ta faɗi cikin wake. Kowa a nan ya sani: mamaci in ya ba ka abu a mafarki, buɗi ne, in ya karɓa, a shirya kuka.

"Karɓa ta yi? Yaya, kin tabbata ba gyara mata shi ta yi ba?"

"Gabir, shekara nawa ina wannan aiki? Ta zare, na ce maka!"

"Baba, don Allah..." Tahani ta ɓoye hannunta a ƙarƙashin tebur.

"Kawo shi nan."

"Baba, jiya fa kai da bakinka ka ce Midhat ɗa ne!"

"Yau ma ɗa ne. Amma uwarki ta karɓi abu, ni ban isa in mayar ba. Ranar da ta dawo da shi da hannunta, a ranar zan kira mai ɗaurin aure."

Ya jefa zoben cikin gwangwanin shayi, ya ɗora bisa kabad. Tahani ta yi kuka har la'asar, har Gwaggo ta ce in da ta san haka da ta kawo gangar kifi an tari hawayen, a huta sayen gishiri.

Washegari Tahani ta iske Midhat a ƙarƙashin haƙarƙarin wani jirgi, gashinsa fal garin katako. Da ya gama ji sai ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya haɗiye sauran.

"To ai da sauƙi, 'yar mai kifi. Gobe ki tashi ki ce kin ga Mama ta dawo da shi. Wa ya bi ki cikin barcin?"

"Ƙaryar mafarki? Ka manta abin da ake cewa? Ranar gobe ƙiyama a miƙo mini ƙwayar sha'ir biyu a ce in ƙulla su! Kuma a kan uwata? Ka sake shawara, kafinta."

"To ki yi na gaske mana."

"Ni da nake barci kamar buhun gishiri? Tunda nake ban taɓa tuna mafarki ɗaya ba."

Midhat ya goge hannu a wando ya zaro waya. Ya ce ya taɓa cin karo da wasu masu koyar da abin. Wai kowa yana mafarki, mantuwa ce ke cinyewa. Ka ajiye littafi da biro kusa da matashi, da ka farka kada ka motsa ko ɗan yatsa sai ka kamo wutsiyar abin da ka gani, ka rubuta. A hankali za ka gane alamun mafarkinka, har wata rana kana tsakiyar barci ka ce: af, ashe mafarki nake! Daga nan linzami ya dawo hannunka.

"Ka ce in je in kamo Mama kamar kifi?"

"Gayyato ta za ki yi, cikin ladabi. Ba ƙarya ba ce ai, tunda za ki gan ta da gaske."

Ya saya mata littafi mai koren bango. Sati uku shafukan suna nan fari fat, sai kwanan wata. A na huɗu ta rubuta: "Akuya. Ina jin tana sanye da agogo." Bayan wata biyu tana cika shafi uku kafin ta taka ƙasa. Da rana kuma tana bin wani sharaɗin da Midhat ya gaya mata: ta tsaya ta ƙirga yatsunta, ta tambayi kanta ko a farke take, don in hannu ya saba da rana zai yi da kansa cikin barci. A kicin ta ƙirga, a kasuwa ta ƙirga.

"Gabir, 'yarka ta taɓu," in ji Gwaggo. "Tun safe take duba yatsunta kamar an ce za a sace ɗaya."

Alamar da ta fi kowace, sai a wata na biyar ta gano ta. Ku da ba ku taɓa shiga gidan Usta Gabir ba, warin kifinsa ya taɓa sumar da kyanwa a tsallaken kogi, kuma ni na ga kyanwar. To da Tahani ta bi shafukanta daga farko, sai ta lura cewa a mafarki gidansu ba ya wari. Daga ranar ta daina ƙirga yatsu, ta koma shinshina iska.

A wata na bakwai, wata safiyar Alhamis, ta fito da gudu ko mayafi babu.

"Na yi mafarki!"

"Alheri! Allah ya sa alheri!"

"Mama ta zo! Ta sa mini zoben, Baba, da hannunta, wallahi tallahi!"

Usta Gabir ya miƙe har kujera ta kife. Ya kai hannu ga gwangwanin ke nan Gwaggo ta yi gyaran murya. Wata bakwai tana kallon wata tana shiga gonarta, abin ya tsaya mata a wuya.

"Dakata. Ba rubutawa take yi ba? Ni ban yi makaranta ba, amma kai ka yi. Karanto mana, mu ma mu sha daɗi."

Tahani ta miƙa littafin ba tare da fargaba ba, don ba ta taɓa sa ƙarya ko ta harafi ɗaya a ciki ba. Usta Gabir ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa:

"Ina tsakar gida. Na shaƙi iska, babu wari, na gane mafarki nake. Na ce Mama ta shigo, sai ta shigo. Ta tsaya ba ta ce komai ba. Na ce zobe ya kasance a tafinta, sai ya kasance. Ba ta miƙo ba. Na kama hannunta na ɗora a kan nawa, na tura yatsana ciki."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ji! Wannan kyauta ce ko fashi? An tare baiwar Allah a hanyar lahira an murɗe mata hannu! Mafarki saukowa yake kamar ruwan sama, ni ban taɓa jin wanda aka yi wa ban ruwa ba!"

"Gwaggo, amma na gan ta! Ba ƙarya na yi ba!"

"Wa ya ce kin yi ƙarya? Kin shuka, kin girbe, kin kawo mana kasuwa."

Usta Gabir ya sunkuya kan littafin. Yana ta juya shafuka, ya koma baya, ya dawo. Can ya cire tabarau, ya yi magana da wata irin murya da ba a san shi da ita ba a kasuwar kifi.

"Tahani. Duk lokacin da kika so, sai ki gan ta?"

"Yanzu dai... ina jin haka, Baba."

"Yaya take? Tabon nan na haɓarta yana nan?"

"Yana nan."

"Shekara tara," ya ce. "Ta je wa Yaya, ta zo miki, ta je wa matar mai gurasa a kan tukunyar da ta ara. Ni da na kwana da ita ɗaki ɗaya shekara ashirin, ko gilmawarta ban gani ba." Ya share ido da hannun riga. "Ba mafarkin Yaya zan bi ba, ba naki ba. Ni za ta zo wa. Ranar da ta gaya mini da bakinta, an gama. Ki sayo mini irin littafin nan."

Ranar Tahani ba ta yi kuka ba, don abin ya wuce kuka. Aurenta ya koma hannun mutumin da ke kwanciya kamar an jefa dutse a rijiya, wanda minsharinsa ke sa masunta su zaci injin jirgi aka tayar.

Midhat ya ƙara shekara guda yana jira. Kowace Juma'a ya zo gaisuwa da kwalin alewa, ya tambaya cikin ladabi, "Kawu, an ga wani abu?" Usta Gabir ya buɗe masa littafi. Layi bayan layi abu ɗaya ne: "Ban ga komai ba." Sau ɗaya aka samu canji: "Ban ga komai ba, sai duhu, shi ma kaɗan."

Ana nan mahaifiyar Midhat ta zo da kanta ta karɓi zoben ɗanta, ta ce ita da masu rai ta yi niyyar haɗa zuri'a. Midhat ya samu aikin jirage a Libiya. Ranar tafiyarsa ya tsaya a bakin shagon kifi, Tahani na bayan ganguna tana jera kifi a gishiri.

"'Yar mai kifi. Ki zo mu je kotu, alƙali ya ɗaura. Yau ɗin nan."

"In bar shi da Gwaggo da farin littafi? Ka san ba mugunta yake yi ba, Midhat. Ba zoben yake jira ba, ita yake jira."

"Ni kuma wa zan jira? Da kin yi ƙarya ɗaya tun ranar farko, da yanzu kina goye da ɗa!"

"Na sani."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Ka riƙa cin abinci a kan lokaci," ta ce, ta mayar da kai cikin ganga.

Bayan shekara biyu labari ya zo zai dawo ya auri 'yar kawunsa. Tahani ta je biki wajen mata, ta yi guɗa kamar kowa. Na ɗan lokaci takan kira shi cikin barci, ya zo ya zauna, ya faɗa mata duk abin da take son ji. Amma ta san muryar wa ke fita daga bakinsa, don ita ke sa masa maganar. Da hirar ta gundure ta sai ta daina kiransa, ta daina kiran uwarta, ta ba mai gurasa sauran shafukanta ya naɗe kaya da su.

Usta Gabir ne bai daina ba. Ya cika littafi shida da "ban ga komai ba". A shekara ta shida, wata safiya, ya fito daga ɗaki ba takalmi, gemunsa jiƙe.

"Na yi mafarki."

"Alheri," in ji Gwaggo, wadda yanzu haƙoranta uku suka rage. Tahani ta ci gaba da zuba shayi.

"Ta zo, Tahani! Ban kira ta ba, ban ma san barci nake ba. Ta zauna nan inda kike. Ta dubi tsakar gida, ta leƙa ɗakuna, ta ce mini: Gabir, ina jikokina?"

Ya share gemunsa, ya ci gaba.

"Na ce ai ke kika karɓe zoben. Ta ce: wane zobe? Ni da nake kwance ina hutawa, ina ruwana da gwal? Ka tambayi yayarka kifi nawa ta ci daren baikon."

"Huɗu ne kacal!" in ji Gwaggo. "Kuma ƙanana!"

Usta Gabir ya durƙusa gaban 'yarsa, mutumin da ko ga likita bai taɓa sunkuyawa ba. "Ki yafe mini, 'yar Nabawiyya. Yanzun nan zan sa riga in je gidansu yaron nan, in..."

"Baba," ta ce, "'yarsa ta biyu aka yi wa suna makon jiya. Ni na aika musu da kifin." Ta ɗago shi, ta zaunar da shi, ta miƙa masa kofi. "Na yafe maka tun kafin ka tambaya. Gaya mini, me ta sa? Ta yi ƙiba?"

Ya zauna yana ba ta labari yana kuka, tana saurara har shayin ya huce.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo, kuma gaskiya ne, don Tahani ta sha nata: uba ya durƙusa, uwa ta wanke ta, kuma ba ta da ƙwayar sha'ir ko ɗaya da za ta ƙulla gobe ƙiyama. Sai dai romon dutse ba ya cika ciki. Tana nan a shagon har yau, kifinta ya fi na ubanta daɗi, masu neman aure kuma sun koma kan 'yan shekara ashirin.

Ku 'yan mata, ku riƙe gaskiya da biyayya, ba a taɓa asararsu gaba ɗaya ba. Ku kuma iyaye, da ku nake: al'amarin 'ya'yanku a farke ake yanke shi. Mamaci ba ya sauri, ya riga ya isa inda za shi. Mai rai ne ke tsufa a bakin ƙofa.