Ramin da Eirlys Ta Kankare

Da almuru Eirlys ta sauka lungun bayan gidansu, riƙe da wuƙa da tocila. Hukumar gari ta ce za ta rushe tsohon ɗakin wankin da ke ƙarshen lungun, ta shimfiɗa kwalta don ajiye motoci, sai dai in an kawo shaidar ya haura shekara ɗari biyu. Gobe wa'adin zai cika, ita kuwa Eirlys mace ce mai kafiya, in ta sa abu a gaba ko uwarta ba ta iya tanƙwara ta.

Dabararta mai sauƙi ce. Danginsu na shafe ɗakin da farar ƙasa sau ɗaya kowace bazara, ciki da waje, ko lokacin yaƙi ba su fasa ba. In ta kankare bango har dutse ta ƙirga shafe-shafen, ta samu shekarun.

Kawunta Idwal, wanda shafen ke hannunsa shekara hamsin, ya tare ta a bakin ƙofa da sandarsa.

"'Yar nan, ki bar su su rushe, su binne shi da kwalta, kowa ya huta."

"Kai Kawu, kai dai ka gaji da ɗaukar bokiti ne."

"Na gaji. Amma kina tsammanin don kwalliya muke shafawa?"

Dariya ta yi, ta wuce shi ta shiga.

Ciki sanyi, da warin toka da danshi. Ga katuwar tukunyar tagulla da kakanninta ke dafa kayan wanki, ga rufin falalen dutse yana ɗiga. Ta durƙusa a bangon bayan murhu ta fara kankara, tana ƙirgawa a fili. Saba'in. Ɗari da talatin. Garin farar ƙasa ya cika mata hanci.

Can wuƙar ta taɓa dutse. Ta ɗauki hoto da wayarta, ta tura wa jami'ar kula da kayan tarihi, ta ce da murna, "Ɗari biyu da sha ɗaya!"

"Sha biyu," aka ce.

A hankali aka faɗa. Daga cikin bangon.

Ɗigar ruwa ta tsaya cak. Warin tsohon sabulu ya taso, da na tsumman da ya daɗe a jiƙe. Ta haska ramin. Abin da ta zaci dutse ne, toka-toka, ya motsa.

Ya buɗe. Ido ne.

"Ni ma ina ƙirgawa," in ji muryar.

Ta yunƙura za ta miƙe.

Farce ya fara kankara daga ciki. Ƙar. Ƙar.

Yatsa ya leƙo, dogo, fatarsa a yamutse kamar ta mai wanki. Ya kama hannun rigarta.

Ta ja. Aka ja.

Kuncinta ya manne da bango. Numfashi mai ɗumi yana hura mata kunne.

Sai ji ta yi an banko ƙofa. Kawu Idwal ya sheƙa bokitin farar ƙasa a kan ramin, da ita da bangon duka. Wani abu ya yi ƙara kamar an zuba ruwa a garwashi, rigar ta yage, suka fita lungu da rarrafe.

Kwana uku a jere, kullum Kawu yana zuwa ya ƙara shafe wurin.

Ranar Juma'a jami'ar ta iso da takarda, baki har kunne. An sa ɗakin cikin gine-ginen da doka ta kare, ba mai taɓa ko dutse ɗaya har abada.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji ta. "Wa ya toshe ramin nan? Shi ne shaidarmu ai. Ranar Litinin ma'aikata za su sake buɗe shi, a bar shi haka, masu ziyara su riƙa leƙawa."