Ƙazafin da Muhyiddeen Ya Yi wa Mutanen Ɓoye

Ana gab da kiran magariba Muhyiddeen mai gyaran kwamfuta ya jingine kekensa a bayan shagon buga takardu na Alhaji Maikano, a Sabon Garin Wudil. Ya buɗe da makullin da Alhaji ya ba shi don aikin gyara, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Shekara biyu ke nan da komawar soja bariki, kuma duk garin shi kaɗai ya iya buɗe cikin kwamfuta, abin da ya sa kansa ya kumbura. Makon jiya ya sa wa ta Alhaji sabuwar furosesa mai sauri, wato ƙwaƙwalwar na'urar, sai ya manta abu guda. Tsohuwar memorin da ke ciki, mai riƙe aikin da ake yi, gudun ɗari kawai take iya ɗauka, babban allon cikin na'urar kuwa ya ɗaga ta zuwa ɗari da talatin da uku. Tun ranar kwamfutar ta riƙa sandarewa tana cinye aikin ɗalibai. Da Alhaji ya titsiye shi a gaban jama'a, sai gogan naka ya gyara hula ya ce, "Alhaji, wannan ba ciwon inji ba ne. Mutanen ɓoye ne."

Kafin la'asar zance ya koma kan Talatu mai buga rubutu, tunda a hannunta abin ke faruwa. Aka ce ita ke da iskoki, aka sallame ta, ga marayu uku tana ciyarwa. Kwana shida kunya na cin Muhyiddeen. Shi ya sa ya zo ya gyara a ɓoye, a ce abin ya tafi da kansa.

Ya kunna, ya shiga shuɗin shafin saiti, ya mayar da lambar gudun zuwa ɗari. Na'urar ta yi ƙara ɗaya ta sake tashi.

Ɗari da talatin da uku.

Ya goge zufa, ya sake. Haka ta kuma dawowa.

Sai wuta ta ɗauke. Fankar sama ta tsaya, amma gilashin kwamfutar bai mutu ba. Wani wari ya cika shagon, na ɗanyen laka da ƙarnin kifi, irin na bakin kogi.

Kujerar Talatu ta yi ƙara, kamar an zauna.

Wani sanyi ya taɓa masa ƙeya.

"Mu muka taɓa na'urar?" in ji wata murya, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi.

"A'a," ya ce da kyar. "Ni ne."

"A bainar jama'a ka ambace mu. A ɓoye za ka wanke mu?"

Gilashin ya mutu.

Bai san yadda ya sami ƙofa ba. Ya bar keke, ya bar takalmi ɗaya, bai tsaya ba sai cikin sahun masallaci.

Washegari da hantsi, shago cike, ya tsaya gaban Alhaji kansa a ƙasa ya faɗi gaskiya tas. Alhaji bai zage shi ba, kallonsa kawai ya yi, wanda ya fi zagi ciwo. Muhyiddeen ya mayar da lambar ɗari a gaban kowa, ta zauna, ba ta sake motsi ba.

Shi aka tura ya kira Talatu. Ya same ta a zaure tana tsince shinkafa, ya durƙusa ya ce, "Yaya Talatu, ki yafe mini. An gyara."

Ba ta ɗago ba.

"Na'urar ka gyara, Malam," ta ce. "Jiya ɗiyata ta ƙi kwana a ɗakina."