Wanda Ya Riga Saba Amsawa

Ku matso. Kuluwa, kashe fitilar wayar nan, kina haske min ido. Nafi'u, kai koma can bakin zaure, ban huce da kai ba.

Ku ji abin da Nafi'un nan, ɗan ƙanen ubana, ya yi min yau. A ƙofar gidan nan na kakanmu, a gaban abokinsa, ya nuna ni da leɓe ya ce, "Wannan Yaya Sallau ne, mai gyaran kwamfuta." Mai gyara. Kamar mai facin taya a bakin tasha. Tun da aka kafa garin Funtuwa ba a taɓa yi wa mutum irin wannan cin mutunci ba. Ko farin da suka faɗa wa gonakin kakanninmu sun fi shi imani, su gero kawai suka ci, ba su taɓa sunan kowa ba. Ni Injiniya ne. Tunda an ɗauke wuta kuma ba inda za ku, ku zauna ku ji abin da mai gyaran naku ya gani ranar Laraba.

Kun san cibiyar jarrabawa ta Hajiya Yalwa, inda nake aiki. Babban zaure ne cike da kwamfutoci, layi bayan layi. Abin da ba ku sani ba shi ne, ba komai a cikinsu. Ƙwarya ce wankakkiya. Hajiya ta sayo su babu ma'ajiya, don araha. Duk abin da suke tashi da shi yana cikin babbar kwamfuta guda, uwarsu, wadda muke kira saba. Tana wani ɗan ɗaki mai sanyi a ƙurya, ba a shiga da takalmi.

In ka kunna ɗaya daga cikin ƙananan, kira take yi ta cikin waya. Ba a ji da kunne, amma kira ne. "Wa ke nan? Wa zai raɗa min suna, ya nuna min wurin zama, ya ba ni abin da zan tashi da shi?" Sai saba ta amsa, ta aika mata. To, aibinsu ɗaya ne. Duk wanda ya fara amsawa, shi suke bi. Ba sa tambayar ɗan gidan wa ne.

Ranar Alhamis da safe za a yi jarrabawa. Yara daga ƙauyuka, wasu tun Laraba suka iso. Da la'asar na ga wani dattijo ya goyo 'yarsa a babur tun daga Dandume, don kawai su ga ƙofar wurin kada su ɓata da safe. Ta leƙa ta taga, ta tambaye ni wace ce tata. In kwamfutocin ba su tashi ba, ita da sauran sai baɗi. Hajiya kuma ta riga ta gaya min a waya: "Sallau, in ba su tashi ba, kai ma kada ka tashi ka zo min gida. Aiko min da makullina."

Ni fa. Ni za a ce wa in aiko da makulli.

Aikin da ya rage ɗan kaɗan ne. An ƙaro wasu kwamfutoci sababbi, saba ba ta san irinsu ba, sai na haɗa musu 'yar manhaja da kaina. Rubutu ne na ɗan adam, ka ba inji ya niƙa shi ya mayar da shi yarensa. Kafin ka sha kofin shayi an gama. Na saka. Rubutu ya fara gudu a allo. Ya kai gab da ƙarshe, sai ya koma farko.

Na sake. Ya koma farko.

Na zagi wanda ya rubuta manhajar, shi da malaminsa. Na zagi wanda ya sayar wa Hajiya kaya. Na duba abin da inji ke ƙorafi a kai, layi ɗaya ne. Wai an taɓa wannan fayil gobe.

Gobe. Ba jiya ba.

Na duba agogon saba, na ga ya kauce. Na daidaita shi. Ina kallo ya sake kaucewa, kamar akuyar da ta san hanyar gonar maƙwabci.

Maigadi, Malam Ɗantani, ya leƙo da butarsa a hannu. "Injiniya, magariba ta kawo jiki. Zo mu tafi masallaci. Mutum ba ya zama a ginin nan shi kaɗai a wannan lokaci."

Na ce, "Je ka, Malam, ina bayanka."

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Allah ya kyauta." Na ji ya ja ƙofar waje.

Hansai, daina matse hannun Kuluwa, ba a zo wurin ba tukuna.

Na ce bari in bar sababbin, in gwada tsofaffin da na san halinsu. Na fita zaure na kunna layin farko. Suka yi kira. Na koma na duba saba, shiru, ba ta amsa wa kowa ba. Amma da na waiwaya, duk sun tashi.

Wani ya riga ta amsawa.

Na matsa kusa da ɗaya. Allon ya yi toka-toka, babu hoton jarrabawa, babu komai. A ƙurya akwai sunan da aka raɗa mata. Ba ni na raɗa ba. Ban iya karanta shi ba ma. Na kalli ta kusa da ita, haka. Layi na biyu ya kunna kansa. Na uku ya bi. Ƙananan fankokin da ke cikinsu suka daidaita, suna ja suna saki tare, kamar ɗaki cike da masu barci.

Raina ya ɓaci. Tsoro bai zo ba tukuna, ku rubuta wannan. Na ce da ƙarfi, "Wane ɗan iska ne ke min wasa da aiki?"

Sai aka yi sallama.

Tun muna yara Kaka ke gaya mana, ba a amsa kira da magariba in ba ka ga mai yi ba. Na sani sarai. Amma bakina ya riga hankalina. Na amsa.

Yana tsaye a ƙofar ɗakin saba, ta ciki. Ban ga shigarsa ba. Gajeren tsoho ne, farar riga fes, yana ƙanshin ƙasar da ruwa ya jiƙa. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda doka ta ce. Na kalle su. Duka biyun na ƙafar hagu ne.

Leɓɓansa suka motsa. Suka tsaya. Sai daga baya muryar ta iso.

"Kai ne mai kiran nan?"

Na ce, "Wane kira, Baba?"

Baki ya motsa. Na jira.

"Dare da rana. Wa ke nan, wa ke nan. Iyalina ba sa barci. Mu an hore mu, in baƙo ya yi kira a amsa masa. Yarana sun amsa, sun raɗa musu suna, sun ba su wurin zama. Yanzu ka fito kana ce mana 'yan iska."

Na ce, "Baba, ba da ku nake ba. Da inji nake."

"Biyo ni."

Ban so ba. Ƙafafuna suka so. Ya sunkuya bayan teburin saba ya ɗago wata shuɗiyar waya da yatsa ɗaya. Ta bi ƙarƙashin tebur, ta shige wani ɗan rami a bango. Muka fita ta ƙofar baya. Tafiyarsa ba ta ƙara, ganye ba ya murƙushewa a ƙarƙashinsa. Wayar ta bi gindin katanga, tare da wayar wuta, har inuwar darbejiya, inda tsohuwar rijiya take, wadda aka rufe da katako tun kafin a yi ginin. Ga benci a gefe. Ya ɗaga katako ɗaya.

A bakin rijiyar, ta ciki, an kafa ƙusa. A jikin ƙusar an rataya ɗan akwatin nan mai raba intanet, an ɗaure shi cikin leda. Koren haskensa yana ƙyaftawa har ƙasan ramin.

Nan na gane rabin abin, don ni ba jahili ba ne. Irin wannan akwati shi ma yana amsa kira, yana raba sunaye, in ba a rufe masa baki ba. Ɗaya rabin kuma yana tsaye a gabana da ƙafafun hagu biyu.

"Wannan hasken a kan shimfiɗar matata yake sauka," in ji shi. "Wa ya kafa ƙusa a bangon ɗakina?"

Na ce, "Wallahi Baba, ka ga irin rashin tarbiyyar ma'aikatan yanzu. Akwai wani Mudi da ya yi aiki a nan, ya koma Kaduna. Aikinsa ne wannan."

Ya juya ya kalli ginin. Ta tagar zaure na ga layin farko ya mutu. Ɗif.

Na ce, "Ko kuma masu sa wayoyi ne, da aka ɗauko daga Kano."

Layi na biyu ya mutu.

Na fusata. Na ce, "Haba Baba, kai babba ne. Ni Injiniya ne, ina da aiki a gabana. Ga wayar nan, in cire ta, kowa ya kama gabansa." Na miƙa hannu. Wayar ta yi sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a raɓa, yatsuna suka ƙi rufuwa a kanta.

Bakinsa ya daɗe yana motsi a wannan karon. Na tsaya ina jiran maganar kamar mai jiran hukunci.

"Cire waya ba wuya. Sunan da muka raɗa musu fa, wa zai cire? Namu ne yanzu. A kwanakinmu suke, shi ya sa agogonka ya rikice. Gobenku a wurinmu ta wuce, na ga yadda ta kasance. Yara a tsaye a rana, ƙofa a rufe. Wata mai shuɗin hijabi tana kuka a bayan babur."

Ban gaya masa launin hijabin yarinyar Dandume ba.

"Zan sake su," in ji shi, "in mai ƙusa ya faɗa da bakinsa."

Kun san ni. Kun san ban taɓa cewa na yi kuskure ba, saboda ban cika yi ba. Na tsaya ina lissafi. In ce Malam Ɗantani ne, bawan Allah yana masallaci, ba ruwansa. In yi shiru, layuka na ƙarewa. Na uku ya tafi, na huɗu na rawa. Daga nesa na ji liman ya yi sallama. Sauro ma babu a wurin. Ko guda.

Na ce a hankali, "Ni ne."

"Ban ji ba."

Tsohon da ke jin kiran inji ta cikin waya, wai bai ji ba. Wannan zalunci ne, kuma har gobe ina faɗa.

Na ce, "Ni na kafa, Baba. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. A yi haƙuri."

Ya kalle ni. Ya sa yatsu biyu ya zare ƙusar daga dutse kamar mai cire ƙaya daga tuwo. Akwatin ya faɗo hannuna, haskensa ya mutu. Ya miƙo min ƙusar. Da ɗumi, kamar an ciro ta daga hammata.

"Riƙe. Kyauta ce. Duk ranar da ka sake kafa ta a gidan wani, zan ji."

Na sunkuya in mayar da katako. Da na ɗago, ni kaɗai ne da benci.

Ban gudu ba. Sauri na yi. Na shiga ɗakin saba, takalma babu, sai danshi a inda suka zauna. Agogo ya dawo daidai. Na saka manhajar, ta niƙu tas har ƙarshe, ba ta waiwaya ba. Na kunna zaure. Suka yi kira, saba ta amsa, kowace ta tashi da sunan da na raɗa mata, har sababbin. Malam Ɗantani ya dawo ya same ni ina salla a tsakar zaure, fitilu duka a kunne. Ya kalli ƙusar a kan tebur.

Da safe yara suka rubuta jarrabawarsu. Yarinyar Dandume ta samu kujera kusa da taga.

Ga ƙusar nan a aljihuna. Nafi'u, zo ka taɓa, tunda kai jarumi ne. Har yanzu ba ta huce ba. A'a? To, koma ka zauna.

Don haka ku ji da kyau. Kada wanda ya zauna shi kaɗai a ɗakin inji da magariba. Kada ku ja waya ta inda ba ku san masu wurin ba. In kuka ji sallama ba ku ga mutum ba, ku kama bakinku.

Me kika ce, Kuluwa? Ko da gaske ni na kafa ta?

Na faɗa masa haka ne saboda 'ya'yan mutane. Sadaukarwa ce irin ta manya, ba za ku gane ba.

Kar ki kalle ni haka.

To, ni na kafa. Da gudumar Malam Ɗantani na buga ta. Wurin akwai inuwa, Hajiya ba ta leƙawa can, kuma ana tsakiyar gasar ƙwallo, a can nake kallon wasa a wayata. Benci ma ni na kai.

Ku tashi ku kwanta. Mutum biyu su raka ni ɗaki da fitila, akwai rami a hanya.