Fuskar Jaruma a Tallar Wasa

Ranar da ta fara aiki a kamfanin haɗa wasannin kwamfuta, an zaunar da ita bayan wani saurayi mai zane, fensir a kunne, ƙafarsa sai rawa take ƙarƙashin tebur. Ita aikinta gwaji ne: ta shiga kogwannin cikin wasan, ta yi ta faɗa da dodanni har ta gano inda yake sarƙewa.

"Malama, dodon da kike ta kashewa ɗin nan, da gumina na zana shi," ya ce bai ko juyo ba.

"To ka zana masa hankali mana. Sai karo yake da bango."

Da ya juyo yana dariya, ta rasa inda za ta ajiye idonta.

Ta sa masa Mai Fensir, shi kuma Jarumata yake ce mata. Da ya zana jarumar wasan, mai manyan idanu irin na zanen katun ɗin Japan da sulke har wuya, sai ga ɗan tabon haɓarta a fuskar. Duk ofis an gane, ana ta tsokanarsu.

Manaja ne kaɗai bai yi dariya ba. Shi ma ya taɓa nuna yana ciki, ta ba shi haƙuri.

"'Yan wasa wankin ido suke saye," ya ce a taro. "A rage mata kaya."

"Mai shiga kogon dodanni da sulke take shiga, ranka ya daɗe," in ji Mai Fensir.

Ta ɗauka magana ta wuce, sai ga talla ta fito. Fuskarta ce, har da tabon, amma sulken ya koma wasu 'yan ƙyallaye. Yayanta ya gani a waya, ya kai wa Baba.

"Wannan ne aikin yaron da zai turo magabatansa?" Baba ya ce. "Kada in sake jin zancensa a gidan nan."

Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta ɗauki waya, ta kife. Saƙon Mai Fensir ya shigo:

"Jarumata, wallahi ba hannuna ba ne. Ki tsane ni idan kina so, amma ki ci abinci, na san halinki."

Ta kashe wayar. Da ta je ofis ajiye aiki, ta tarar da teburinsa wayam. Mai haɗa sauti, ƙawarta, ta ja ta gefe.

"Manaja ne ya ba wani a waje ya tuɓe hoton. Mutuminki ya tsaya gaban kowa ya ce a sauke tallar, ya ajiye katin aikinsa ya fita. Mu ma muka ce ba mai taɓa kwamfuta. An sauke, za a canza fuskar."

Ta zauna a kujerarsa ta rubuta: "Mai Fensir, ka yafe ni. Na ci abinci." Ƙarya take, ko ruwa ba ta sha ba.

Mai Fensir ya zo gidansu da kawunsa. Ita tana bayan labule, tana murɗa gefen mayafi.

"Kai ka zana fuskar 'yata?"

"Ni ne, Baba. Ban nemi izini ba, wannan laifina ne."

"Tsiraicin fa?"

"Shi ya raba ni da aikina."

Mama ce ta yi gyaran murya daga ƙofa.

"Malam, wanda ya bar abincinsa don mutuncinta, ai ba zai wulaƙanta ta a ɗaki ba."

"Ka fara samo aiki," Baba ya ce a ƙarshe. "Ba zane za ta ci ba."

Ya samu a wata maɗaba'ar littattafan yara. Ranar ɗaurin aure Baba da kansa ya kama hannunsa, ya daɗe bai saki ba.

"Na ba ka amana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Tana cikin ƙawaye Yayanta ya leƙo ya ce an ɗaura. Sai a lokacin ta samu ta zauna, ta rufe fuska tana faɗin amin.