Ƙofa Ta Ce Ku Biyu Ne

Ƙarfe uku na rana duhu ya riga ya rufe gari, kamar yadda ya saba a Disamba a wannan ƙasa mai ƙanƙara ta can arewacin duniya. Raili ta bar kofinta rabi, ta nufi ɗakin kwamfutoci. Ƙaramin aiki ne: wata na'ura a layin ƙarshe ta daina amsawa, sai an ciro ta.

Ginin tsohuwar masana'antar takarda ce da aka mayar ma'ajiyar bayanai. A nan mijinta Veikko ya yi aiki har ciwon huhu ya ɗauke shi bara. Ɓangaren Raili babu manyan injuna. Ƙananan kwamfutoci ne, kowace ba ta wuce tafin hannu ba, an jera su ɗaruruwa kamar ƙwai a kiret, kowace tana riƙe da shafin intanet na wani can a duniya. Ba su da fanka, ba sa ƙara. Wadda ta mutu da bayan hannu ake gane ta, don takan yi sanyi.

Ta ciro matacciyar. Sai ta ga wata a gefenta, a gurbin da ita da kanta ta bari babu komai jiya. Ba lamba a jikinta. Ba waya ko ɗaya. Amma fitilarta na ƙiftawa.

Ta danna rediyon kafaɗarta, ta kira mai gadi.

"Tapani, kai ka soka taka na'urar a nan? Wutar kamfani za ka sha a ɓagas?"

"Haba Raili," ya ce, bakinsa cike da burodi. "Ni da wayata ma sai jikata ta kunna min?"

Ba ta yarda ba. Wannan tsohon ya taɓa sa mata ɗanyen kifi a aljihu, ya yi ta dariya har bazara.

Ta kai bayan hannu. Ɗumi. Ba irin na ƙarfe ba, irin na goshin mutum.

Sai ƙamshin hayaƙin itace da taba ya taso, a ɗakin da ko ƙura ba ta shiga. Daga cikin na'urar aka yi tari, ɗan gajeren tarin nan da ta yi shekara tana tashi daga barci dominsa.

"Raili," aka ce a hankali. "Akwai sanyi nan. Kai ni gida."

Ta ce a ranta Tapani ne, ya samo tsohuwar muryar Veikko a wani wuri, kuma yau sai ya yi bayani gaban manya. Da wannan hujjar ta jefa na'urar a aljihu. Amma hannunta bai fito ba. Yana ciki, yana shafa ta.

Ƙofar fita ɗan akurkin gilashi ne. Ka shiga, ta baya ta rufe, sannan ta gaba ta buɗe. Ƙasanta na auna nauyi, mutum ɗaya take ɗauka.

Ta shiga. Ta baya ta rufe.

Jar fitila.

"Raili." Babu burodi a bakin Tapani yanzu. "Ƙofa ta ce ku biyu ne."

"Ya isa haka, tsoho."

"Ba wasa nake ba. Ke kaɗai nake gani a allo. Amma gilashin bayanki yana yin raɓa, kamar ana hura masa numfashi."

"Daidai ina?"



"Can sama da kanki."

Veikko gajere ne. Ko da takalmin aiki bai taɓa wuce kunnenta ba.

Aljihunta ya yi nauyi. Rigar ta fara janta ƙasa.

"Kai ni gida," aka sake cewa. Wannan karon daga saman kanta, ba daga aljihu ba.

"Buɗe ta baya," ta raɗa.

"Ta gaba dai, ki fito!"

"Ta baya, Tapani. Kada ka taɓa ta gaba."

Ƙofar baya ta zuge. Yatsunta sun manne da na'urar kamar harshe a jikin ƙarfen da ƙanƙara ta daskarar. Ta zare rigar gaba ɗaya, ta fizge hannu har fata ta saɓule, ta wurga rigar cikin ɗakin.

Wani abu ya goge ta ya wuce. Dogo. Mai sanyi.

Koriyar fitila.

Washegari aka tarar da rigar a ƙasa, aljihun babu komai. Raili ta je maƙabarta da hannu a naɗe, ta share ƙanƙarar kan dutsen kabarin Veikko, ta ba shi haƙuri don ta kusa ɗaukar wani a madadinsa.

Kamfani ya ce ma'aunin ne ya lalace, aka sa sabuwar ƙofa. Ita ma, idan duhun yamma ya shigo, takan rufe da kanta ba kowa a ciki, ta nuna mutum ɗaya yana jiran a buɗe masa ta gaba. Tapani yakan zauna a kan hannuwansa don kada ya buɗe, har fitilar ta mutu.