Ƙato Ya Koma Tatata

Ilu na sa ƙafa a rairayin fili, Goyo ta yi ɗan ƙara, ta matse masa gwiwa, ta karɓe nauyin tun ƙashi bai ji ba. Goyo riga ce ta siraran wayoyi, daga wuya har idon sawu. Tana karanta niyyar tsoka, ta riga ta yin motsin. Tun da 'yan kokawar Birnin Tsakuwa suka rungume ta, ba a ƙara jin targaɗe ba, hukumar wasanni kuwa sai bugun ƙirji take yi.

Ran da ya tuɓe ta don a gyara, ya miƙe zai ɗebo ruwa, sai gwiwa ta lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya. Ƙato guda yana rarrafe a tsakar ɗakinsa! Kunya ta kama shi, haushi ya biyo baya.

Ya tafi wurin Likita Sahura mai gashin ƙashi, wadda rigar ta kashe wa kasuwa.

"Likita, ƙafata nake so ki dawo mini da ita."

"Kai za ka dawo da abarka," in ji ta. "Tsokar da riga ke yi wa aikinta mutuwa take. Sai ka koma tatata kamar jariri. Za ka iya?"

Ya iya, amma ya sha wuya. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar mai langa, tsugunno a hankali, tafiya da baya cikin yashi, jan roba da dunduniya. Abokai suka mai da shi abin dariya, ya toshe kunne. Damina ta zo ta wuce kafin gwiwar ta daina rawa.

Ranar babbar gasa ya shigo da warki kawai. Alƙalin wasa ya tare shi.

"Malam Ilu, ina rigarka? In ka karye ba ruwanmu."

"In ƙafar ta karye ma tawa ce, ranka ya daɗe. Busa usur."

Aka haɗa shi da Jatau, zakaran bara, sanye da sabuwar Goyo. Kada a yi ƙarya, ba a daɗe ba. Injin rigar ya ɗaga Ilu ya maka da ƙasa. Ya kwanta yana sauraren gwiwarsa. Lafiya lau. Ya miƙe ba tare da ya dafa kowa ba, daɗi ya cika masa ciki.

Al'ada ce a ɗaura wa zakara kambu a tsirarar damtse, ya ɗaga wa jama'a. Aka zare hannun rigar Jatau, aka ɗaura. Makaɗa suka ɗauka, jama'a na jira. Hannun na reto a gefensa, siriri, ya ƙi tashi.

Jatau ya matso kusa da wanda ya kayar, gumi na zubo masa, ya yi ƙasa da murya.

"Ilu, don Allah ɗaga mini hannuna."